Mbirar Baban Takura

Maman Takura ta kwance ɗankwalin da ta naɗe mbirar marigayi mijinta a ciki, wato ɗan katakon kiɗa mai harsunan ƙarfe, ta dire ta gaban tsoho Zvidzai a rumfarsa ta kasuwar Mbare.

"Baba, mayar min da ita yadda take."

Gobe ne za a yi bikin kiran ruhin marigayin ya dawo gida ya tsare iyalinsa, tunda ya cika shekara a ƙasa. Da kiɗan mbirarsa za a kira shi. Shi kuwa ɗanta Takura, don son burgewa, sai ya ɗauke ta a ɓoye ya kawo wa tsohon gyara. Aka kankare tsatsar harsunan ƙarfen da ake kaɗawa da yatsa, aka sauya waɗanda suka siɗe, aka shafe katakon da mai. Ta dawo tana sheƙi, muryarta kuwa ta baƙuwa.

"Ni na ƙera ta, 'yata," in ji tsohon. Ya nuna wasu a rataye. "Ga 'yan uwanta nan, itace ɗaya, ƙarfe ɗaya. Zaɓi wadda kike so."

Ya kaɗa mata su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta cika zaƙi, wata kamar mai mura. Babu mai dishi-dishin nan da take ji daga madafa in mijinta ya zauna bakin ƙofa.

"Ba ita ba ce. Me ya sa?"

"Yatsunsa ne suka cinye ƙarfen, hayaƙin girkinki ya shiga katakon. Wannan ba a maƙera ake yin sa ba."

"To ina tsofaffin harsunan?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Masu sayen gwangwan sun kwashe su tun makon jiya.

Ta sake naɗe mbirar a ɗankwalin. Mutumin da ko cokalinsa aka sauya sai ya yi mita, yaya zai gane gidansa da wannan murya?

A tasha ta tarar da Takura yana jiranta, idanunsa jajir.

"Mama, na ɓata, ko? Baba ba zai zo ba?"

Ta dubi ƙaton ɗan nata, ga furfura har ta fara fito masa. Ta miƙa masa ƙunshin.

"Kai dai ka kaɗa a hankali. Ni zan yi waƙar. Tawa muryar ba wanda ya kai ta gyara."