Kiran da Ban Yi Zariya Ba

"Baban Khairu, ka kira ta kuwa?" in ji Rhoda, matar maƙwabcina Francis, tana leƙowa ta kan katanga.

"Layin ne ba ya shiga," na ce, na ci gaba da kwance injin markaɗen da ke gabana.

Ƙarya nake. Kwana uku Francis yana kwance tun da asibiti suka sallamo shi, kwana uku yana neman 'yata Khairunnisa, ni kuwa ko taɓa lambarta ban yi ba.

Shekara talatin Francis ya yi yana gyaran jirgin sama a Kaduna kafin ya dawo Kontagora ya tare kusa da ni. Ni ma makaniki ne, amma na injin ban ruwa da na markaɗe. Tun Khairu tana firamare ya janye ta. Zai zaunar da ita a kan turmi, ya ba ta muciyar Rhoda a matsayin sitiyarin jirgi.

"Ja baya, hancin jirgi ya ɗaga. Karkata hagu, fiffiken hagu ya sauka. Taka feda, wutsiya ta juya miki hanci."

Ya taɓa sauke fankar ɗakinsa don kawai ya nuna mata yadda farfela ke yankan iska ta tura ta baya. Ni ko fulogi ba ta taɓa tambayata ba. Da ta samu makarantar jiragen sama a Zariya, shi ta fara gaya wa, ni a bakin Rhoda na ji. Abin nan ya tsaya mini a maƙogwaro shekara huɗu. Kishi nake, ba na musu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan azahar Rhoda ta ce yana kirana. Na tarar ya zama rabinsa.

"Oga Ndatsu, injiniya ta taso?"

"Jarrabawa suke yi."

"To, kar a dame ta." Ya huta. "Ka san abin da malaminsu ya ce? Injin jirgi wuta biyu gare shi, fulogi biyu a kowace silinda. Kafin a tashi ana kashe ɗaya, a duba agogo ko injin zai rage ƙarfi. Ita kafin allura ta motsa ta riga ta ji a kunne. Ya ce wa ya koya mata."

"Kai mana," na ce, har da ɗan gatse.

"Ni da agogo na yi aiki duk rayuwata. Ba ni da kunne. Ta ce a gindin babanta ta saba, yana sauraron inji ya faɗi ciwonsa tun bai kwance ba." Ya yi ɗan murmushi. "Ba ta gaya maka ba? Kunyarka take ji."

Na rasa inda zan sa idona. Ina fita soro na kira ta, bugu ɗaya ya shiga. Ta ce sun gama jarrabawa tun makon jiya, gobe da asuba za ta hau mota.

Francis ya cika ana kiran la'asar.

Washegari da hantsi ya yi nisa ɗan acaba ya sauke ta. Ta miƙa mini jakarta, ta wuce gidan su Francis, na bi ta a baya. Mata 'yan cocinsu sun cika tsakar gida. Ta durƙusa gaban Rhoda.

"Mama, tun yaushe ya kwanta? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Rhoda ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Farat ɗaya ne, 'yata," ta ce, ta ja kanta ta ɗora a cinyarta.

Na tsaya a bakin ƙofa da jakar a hannuna. Wata mata ta turo mini kujera, ban zauna ba.