Jinin Safiyatu Mai Ƙamshin Citta

Ni ke wanke kwalabe a ɗakin magani, shekara bakwai bayan ruwa ya cinye tsohon Maraɗi. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko. A jikin kwalayen magani na koyi karatu, shi ya sa har yau na fi iya rubuta "girgiza kafin a sha" da sunana.

Ran da aka kawo yayata Safiyatu daga Jiratawa, kwananta biyar da haihuwa, jikinta kamar murhu. Likita Bature ya tafi Tibiri yin lambar rigakafi. Makullin akwatin allurar fenisilin yana wuyan Mushe Maliki, anfirme, wato ma'aikacin jinya, wanda ya yi wata shida a Dakar ya dawo yana tari da Faransanci.

Shi ba ya duban mara lafiya, kwalba yake duba. Ya ɗebi jini ya zuba, ya soka a hammata don ɗumi, ya tsura wa agogo ido. In jinin ya daskare kuma gudan bai narke ba, lafiya lau. In ya tsinke ya koma ruwa, allura.

Na sha ganin wanda kwalba ta ce lafiyarsa ƙalau an fita da shi a makara.

Jinin Safiyatu ya daskare.

"Ku koma gida, ta sha kunu," in ji shi.

"Mushe, ba ta gane ni ba fa. Inna take ce mini."

"Atika, ke kin fi kwalba sani?"

"A'a, Mushe. Wanke ta kawai nake yi. Amma ba ka ce a Dakar sai an jira awa guda a ga ko zai narke ba?"

Bai taɓa faɗin haka ba, amma ya ji daɗin a ce ya faɗa. Ya miƙo mini kwalbar.

"Riƙe a hammata. Kar ki motsa."

Ya fita cin tuwo. Ni kuwa da goran soɓorodona a bayan ƙofa. Na ɗauko wata kwalba, na dama jan soɓorodon da ɗan ƙaro ya yi kauri, na cika daidai layi.

Da ya dawo ya ɗaga ta a rana, ya karkata. Ta gudana.

"Tirè garab! Ciwo ya yi tsanani! Jinin ya narke duka!"

Sai ya kai hanci. Ashe na manta da cittar da ke cikin soɓorodon.

Ya shinshina sau biyu. Ya dubi mutanen da ke kan benci, su ma suka dube shi.

"In ciwo ya ci jini," ya ce a hankali, "haka yake ƙamshi. Yana cikin littafi."

Ya ciro makulli.

Kwana shida Safiyatu na shan allura. Ran na bakwai ta zage ni kan na ɗaura zanenta, na san ta warke.

Mushe Maliki har yanzu shinshina kowace kwalba yake yi. Jiya ya kira ni gefe, ya ce abin mamaki, duk masu tsananin ciwo 'yan Jiratawa ne, kuma duk a hammatata ake gane su.

Na ce ai ɗumin jiki ne, Mushe.