Adireshin Coci

"Anti Martha, ba zan iya ba," in ji Olive a waya. "Baba Dung ba ɗan mazaɓarmu ba ne."

Ina tsaye a kicin ɗinsa a Hyattsville, nan Amurka, ina dama masa kunun accan da na san ba zai sha ba. Na ce, "Ke, mazaɓar me? Mutum na mutuwa!"

Baba Dung maƙwabcina ne, ƙofa da ƙofa, shekara tara. Asibiti sun sallamo shi, sun ce ciwon hanta ya ci ƙarfinsa. Abu ɗaya yake roƙo, ya ga 'yarsa Diana, wadda bizarta ta maƙale a Abuja. Aka ce masa ofishin ɗan majalisa kan rubuta wa ofishin jakadanci a hanzarta. Ya cike fom, amma maimakon adireshin gidansa sai ya sa na cocinsu, yadda ya saba a Jos. Wai ɗan haya ba shi da adireshi! Cocin kuwa a wata mazaɓa yake, ba tasa ba, can fom ɗin ya tafi. Kwana goma sha ɗaya takardar na can kafin ta faɗo hannun Olive, 'yar ƙawata, da ke aiki a ofishin ɗan majalisar can.

"Doka ce, Anti. Ba ma taɓa takardar ofis ko wayar ofis kan mutanen wani ɗan majalisa. Yanzu ma da wayata na kira ki. Na tura wa ofishin ɗan majalisarsa, amma sai ya sa hannu a sabon fom."

Sa hannu? Mutumin da cokali ya gagara?

Na fitar da fom ɗin, na riƙe masa yatsu ya ja wani karkataccen layi. Ya dube ni.

"Martha, yaushe suka ce za ta iso?"

"Sun kusa gamawa, Baba." Allah ya yafe mini, ko amsa ba su yi ba.

"To, ki ce mata ta taho da rigar sanyi."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, hannunsa a cikin nawa. Ofishin ɗan majalisarsa ya kira ranar Litinin.

Da na buɗe wardrob don ɗauko kwat ɗin da za a binne shi da ita, sai na ga silifa na mata a ƙasa, sababbi fil, an jera su a kan jarida, suna jiran Diana. Ko zaren kanti ba a yanke ba.