Ƙarin Gishirin Baba

Duk layinmu an san Baba da ƙarin gishiri. In ɓera ya gani a shagonsa na kafinta, kafin labarin ya iso gida ya zama ɗan akuya. Mama takan ce, "Malam, rage mana, ya yi yawa." Shi kuma ya ce ai labari ba gishiri na marar lafiya ne.

To, rashin lafiyar ta zo. Ya daɗe yana shan maganin hawan jini, jinin ko gezau. Sai da ya fitar da tsakuwa a fitsari, yana ihu kamar mai naƙuda, sannan aka yi masa gwaje-gwaje. Ni na raka shi, don ni ce babbar 'yarsa, kuma ni kaɗai ke iya yi masa tsawa.

Likita ya ce, "Baba, a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan abu kamar hula. Naka yana zubo wani sinadari fiye da kima, shi ke sa jiki ya riƙe gishiri, jini ya hau. In kuma kana cin gishiri da yawa, ƙodarka sai ta riƙa zubar da kalsiyam a fitsari, wato abin da ke ƙarfafa ƙashi. Jiki in ya rasa, ƙashi yake zuwa ya ɗebo."

Baba ya ce, "Wato gara ce ta shiga katakon."

"Ita ce. Ga magani. Amma in kana son ka ci gaba da tafiya da ƙafarka, a bar gishiri."

Ranar Mama ta juye robar gishirinta a kwata. Abinci ya zama lami. Baba ya yi loma biyu ya ture kwano, har wandonsa ya fara zamewa. Mama ta rasa sukuni. Can sai girki ya dawo da daɗinsa, Baba na suɗe kwano. Na tsare ta a kicin na ce, "Mama, ba dai kin koma ba?" Ta ce, "Wallahi ko ƙwaya ban sa ba." Mama kuwa ba ta rantsuwa a banza.

Wata safiya mai walda, maƙwabcin shagon Baba, ya shigo a guje. Baba ya ɗauko katako, ƙafarsa ta zame a kan dakalin da ko yaro zai tsallake, ƙugu ya karye. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan rufin gidajen mutane! Na same shi kwance cikin garin katako, bai ce uffan ba, nan na san abin ya yi tsanani.

Bayan an yi masa aiki, likita ya same mu a bakin gado da sakamakon gwajin fitsari. Ya ce gishirin bai ragu ba ko kaɗan. Ni da ba na iya riƙe baki, na ce ya sake duba na'urarsa, gidanmu ba gishiri.

Ya tambayi Mama me take sawa a girki. Ta shiga lissafa masa, har da ɗan alfaharinta. "Da na ga ba ya ci, sai na riƙa ƙara dunƙulen ɗanɗanon miya, da yawa dai, don ya samu ɗanɗano."

Likita ya ce, "Mama, ai shi dunƙule yawancinsa..."

"Likita, kar ka wahal da ita," in ji Baba. "Ni ne. Ina da gishirina a shago, cikin gwangwanin ƙusa. Kullum sai na barbaɗa. Na cinye ya kai buhu."

Likita ya dube shi, ya dube ni, ya haɗiye sauran maganarsa. Mama ta fashe da kuka. "Haba Malam! Ina ta fama, kai kana kashe kanka?" Ya ce, "Yi haƙuri. Kwaɗayi mabuɗin wahala."

Da yamma na je shagon. Na zazzage gwangwanin a kan benci: ƙusoshi ne kawai. Ashe gishirin a dunƙulen Mama yake, Baba rufa mata asiri ya yi. Na zauna na yi kukana, ina jin haushin likita da bai ambaci dunƙule ba tun farko, da kaina da ban tambaya ba. A gida na ce wa Mama shi ma dunƙulen a bari, wai ba ya jituwa da sabon magani. Ta ce to.

Ƙashin bai haɗu yadda ake so ba. Baba bai ƙara taka dakalin nan ba. Yanzu yana zaune a kujerar da ya ƙera wa wani ba a zo karɓa ba, yana ba masu dubiya labarin satar gishirinsa. Buhun ya zama uku.

Jiya muna wanke-wanke, muryarsa na fitowa ta taga, Mama ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Tun kafin a haife ki nake gane ƙarin gishirin mutumin nan."



Ta ɗauraye kwanonsa, ta kife. "Kar ki gaya masa na sani."