Abin da Ke Kai Baba Mati Kan Dutse

Tun da ɓarayin daji suka kwashe shanun Alhaji Murtala, kowa a ƙauyen ya koma kallon kowa da wutsiyar ido. An ce akwai infoma a cikin gari. Duk yankin nan na bayan Ƙarfi kuwa babu inda waya ke kama sabis sai ƙololuwar Dutsen Gwauro, don haka duk wanda aka ga ya nufi can ya shiga bakin mutane. Baba Mati an gan shi ya nufi can lokacin shuka, an kuma sake ganinsa yana zagaya gindin dutsen.

Wan mahaifin Rabe ne, shi kaɗai ya rage a gidansu kan al'adar Maguzawa. Rabe na ƙaunar tsohon nan har ransa, amma maganar Awaisu, shugaban 'yan sintiri, ta hana shi sukuni.

"Ka ja wa tsohonku kunne," in ji Awaisu. "In muka kama shi da waya a sama, wallahi ba da ƙafafunsa zai sauko ba."

Da safiyar da Rabe ya hango shi ya ratsa gonar dawa da jaka a rataye, sai ya bi shi a ɓoye. Gara ya gani da idonsa kafin wasu su gani.

Dutsen Gwauro ba wurin wasa ba ne. Tun daga ƙasa ƙaya ta fara cin rigar Rabe, ya isa wani falalen dutse mai santsi, dole ya cire takalmi ya koma rarrafe. Shi da ke taƙama da ƙuruciya har ya fara haki, tsohon kuwa sai haurawa yake kamar mai hawa rumbu. A wata siririyar hanya, rami a hagu, iska na neman tura mutum, ƙafar Rabe ta ture dutse ya gangara da ƙara. Ya manne da bango. Baba Mati ko waiwaye bai yi ba. Wannan ya ƙara ɗaure wa Rabe kai. Wane irin mutum ne zai ji wannan ƙara ya yi kamar bai ji ba, in ba mai sauri zuwa wani mugun alkawari ba? Kuma me ke cikin jakar nan da yake ta dafewa?

A ƙololuwa Rabe ya laɓe bayan wani dutse. Tsohon ya durƙusa gaban wata tsaga, ya buɗe jaka, ya fito da zangarniyar sabon gero da ɗan goran giya. Sai a lokacin Rabe ya tuna abin da ya sani tun yana yaro. Kafin a ci sabon gero, dattijon gida ke kawo wa iskokin dutse rabonsu. Ba ya waiwaye, ba ya magana sai ya koma gida, kuma Maguzawa sun yi imani duk wanda ya buɗe baki a hanya ba zai ga wata kaka ba.

Kunya ta rufe Rabe, daɗi kuma ya cika shi har ya ji hawaye. Nan take wayarsa ta kama sabis, ta hau ruri a aljihu. Ya zaro ta don ya kashe.

"Ajiye ta!"

Awaisu ne da mutum biyu, bindigogi a hannu. Su ma ashe sun biyo sawu.

"Ashe kai ne, Rabe. Tsohon kake fakewa da shi."

"Wallahi ba haka ba ne! Baba, gaya musu!"

Da maganar ta fita Rabe ya gane abin da ya roƙa. Baba Mati na durƙushe, goran a hannunsa, bai ko zuba ba. Ya daɗe yana duban tsagar. Sannan ya ajiye goran a hankali, ya waiwayo.

"Ku sauke bindigoginku," ya ce. "Ba infoma ba ne. Tun daga gonar dawa nake jin takunsa. Ni ya zo kamawa, kamar ku."