Ranar Da Aka Karanta Ni A Aji

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji uku na firamare karatuna ya tsaya, kuma ko gaisuwa a gaban mutane nauyi take yi mini. Amma tunda wani ya riga ya sa ni a takarda, gara in faɗi nawa.

Sunana Hure. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ina sayar da ƙuli-ƙuli da dafaffiyar gyaɗa a wata sakandaren maza a Gaya. A gindin darbejiya nake zama, dab da tagar wani aji, saboda a nan inuwa take daɗewa. Hadi, ɗan Kawu Datti na Ajingi, a ajin yake. Babansa da innata ciki ɗaya suke, wato taubashina ne. Yana da damar tsokanata, ni ma ina da tasa, kuma ba a fushi. Sai dai a gida muke yi, gaban waɗanda suka san mu.

Makon nan malamin Hausa, Malam Inuwa, mutumin Kano, yana koya musu zambo. Ina jin sa ta taga yana cewa mai zambo yakan ɗauki ƙaramin aibu ya hura shi har ya cika ɗaki. Ya ce kowa ya rubuto nasa, amma kada a kama suna.

Ranar Laraba na ji ya ce, "Na Hadi ya fi na kowa. Ku saurara."

Ya fara karantawa. Wai akwai wata yarinya da in ta yi magana, tururuwa kan ce ta ɗaga murya. Wai mayafinta ya fi ta sanin gari. Ajin ya ɗauki dariya. Ni ma na murmusa, ban gane ba tukuna. Sai ya zo inda yarinyar ta je kai abinci gona, ta durƙusa ta gaida mutum-mutumin korar tsuntsaye, ta yi ta jiran ya amsa, don ba ta iya ɗaga kai ta dubi namiji.

Nan na gane da ni ake. A gonar kakanmu a Kademi abin ya faru, kuma 'yan gidanmu kaɗai suka sani.

Malam ya bi ni gaɓa-gaɓa da alli. Ya tambaye su me ya sa aka fara da murya kafin mayafi, me ya sa aka ajiye gona a ƙarshe. Sannan ya ce, "Ku dubi ƙarin gishirin nan na mutum-mutumi. Ba wanda zai yi haka, amma kun ji kamar kun gani."

"Malam, wannan ba ƙari ba ne," in ji Hadi, yana jin daɗin yabo. "Wallahi ya faru."

Wani daga baya ya ce, "Ai ga ta can a gindin bishiya."

Kawuna suka cika taga. Malam ma ya leƙo, muka haɗa ido, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce su zauna, da wata murya da ban san shi da ita ba. Na ɗauki faranti na kama hanya, gyaɗa tana zubewa ban tsaya tsinta ba.

A gida na faɗa wa Inna. Ta dinga danne dariya da gefen zani.

"Haba Hure, taubashinki ne fa. Wa zan kai wa ƙara? Yayana? Shi ma dariya zai yi."

"Inna, gaban baƙi fa."

Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Wannan kam bai kyauta ba. In kin ƙi komawa ba zan tilasta miki ba. Amma dangi za su ce kin yi fushi da wasa, shi kuma ba zai ƙara tsokanarki ba har abada."

Na yini ina juya maganar. Na tuna fuskokin nan a taga. Na kuma tuna duk garin nan Hadi kaɗai nake iya mayar wa da magana.

Washegari na soya ƙuli, na ɗora faranti a ka. Sau biyu ina juyowa daga bakin kasuwa. Da na isa, na zauna a gindin darbejiyar, mayafi har hanci. Aka tashi hutun ƙarfe tara, yaran suka zo saye, wani ya durƙusa wa bishiyar yana gaishe ta. Ban ɗago ba. Hadi ne ya zo ƙarshe, yana kallon takalmansa.

"Hure, Malam ya ce in ba ki haƙuri."

Na miƙa masa ƙuli. Na san abokansa suna ji, na ce, "Karɓi, sarkin marubuta. Gobe ka rubuta musu ranar da ɗan akuya ya kora ka kan rumbu kana kiran Inna."