Falwaya Ta Goma Sha Tara

A jirgin ƙasa na bar gida zuwa karatu a Toronto. Bayan shekara ashirin da takwas na dawo Newfoundland, na tarar an kwashe layin dogo, sai tsakuwa.

Mahaifina, Selby, a gyaran layin nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Likita ya ce da wuya ya ga narkewar ƙanƙarar baɗi. Abu ɗaya ya roƙe ni: mu kafa gicciye a kabarin yayata Effie, wadda ta rasu tana da shekara uku, kafin a haife ni. A lokacin, dusar ƙanƙara ta tare jirgi kwana goma sha biyu, babu hanyar kai ta asibiti ko maƙabarta. A gefen layi ya binne ta, kuma ban da shi duk wanda ya san wurin ya mutu.

"Falwaya ta goma sha tara, yamma da tankin ruwa na Gaff Topsail," in ji shi. Haka masu gyaran layi suke kwatance, da turakun waya.

Na goya shi a babur mai ƙafa huɗu, muka bi tsakuwar. Yana bayana yana kiran tashoshi kamar yadda kwandasta yake yi a da.

"Millertown Junction! Quarry! Mai sauka ya tattara kayansa!"

A Quarry babu ko bango. Ya nuna wani fili. "Nan uwarka take miƙo mini shayi ta tagar jirgi. Jirgin ba ya sauri, sai na shanye na mayar mata da kofi."

"Ƙarya, Baba."

"Rabinsa ne kawai ƙarya."

Mun sami gindin tankin, ginshiƙan siminti huɗu cikin ciyawa. Falwayoyin kuwa an sare su. Na riga na yi lissafina tun a gida: falwaya arba'in a kowane mil. Na auna da wayata, na tsaya inda ta ce, na yi ta tona gansakuka har hannuna ya yi tsami. Babu komai.

Baba na zaune a kan babur, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Malam Injiniya, wa ya ce maka arba'in ne?"

"Littafi."

"Mai littafin ya taɓa tsayawa nan cikin iska? A kan tudun nan kusa da kusa muka kafa su, in ba haka ba waya ta tsinke. Koma tanki. Nemi kututture, ka ƙirga da ƙafarka."

Na koma. Kututturan na nan cikin ciyayi, baƙaƙe, sun ruɓe. Ina ƙirgawa da ƙarfi, yana amsawa. Na goma sha ɗaya ya ɓace mini, sai da na rarrafa na lalubo shi. Na goma sha tara bai kai kashi biyu cikin uku na nisan inda na tona ba.

Taku shida daga nan, ga tarin fararen duwatsu, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba.

Na sauko da Baba daga babur. Ya cire hularsa.

"Effie, ga ƙanenki," ya ce. "Ya sha boko, amma ya iya ƙirga har goma sha tara."

Na kafa gicciyen. Shi ya riƙe, ni na buga.